Kalmar da Abarshi Ya Ƙi Ɓoyewa

A zamanin da ba a san Bature ba a ƙasar Birnin Gwari, lokacin da duk garin da ke da hali yake kewaye kansa da ganuwa saboda mahara, an yi wani mutum mai suna Abarshi. A Kurmin Auta aka haife shi, wani ɗan ƙauye a bakin daji, tafiyar hantsi daga Kazage. Uwarsa Fatsuma ta sha haihuwa kafin shi, amma ba wanda ya kai yaye. Ranar da ya faɗo, kakarsa ta ɗaga shi sama kamar mai magana da wani da ba a gani, ta ce, "Wannan dai a bar shi." Sunan yanka ya ɓace, wannan ya bi shi har tsufa.

Gajere ne, mai gwame, ga murya kamar ta mutum uku. In yana faɗa da wani a bakin rafi, matan da ke daka a cikin gari sun san abin da ake faɗan a kai. Sana'arsa zuma. Yakan saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ƙirya ko maje a cikin daji ya rataye. Kashin shanun kuwa a rugar Hammadu yake ɗebowa, wani Bafulatani da ke sauka da garkensa a fadamar ƙauyen duk rani. Abarshi ya kai zuma, ya dawo da nono, su yi ta tsokanar juna kan wanda ya cuci wani. Matarsa Saude 'yar Damari ce, mai daddawa, ita kaɗai ce a ƙauyen ke iya tsayar da shi a magana, ita ma ba kullum ba.

A Kurmin Auta akwai wasan da ake yi duk shekara idan an gama shigar da dawa rumbu. Da la'asar jama'a kan taru a gindin tsamiyar bakin gari, maza gefe, mata gefe, yara a ƙasa. Samari su naɗa ɗayansu sarkin wasa, su yi masa rawani da tsohon zane, wani ya zama alƙali, wani ɓarawon akuya, a yi ta shari'ar banza ana dariya. Amma wanda ake rufewa da shi, wanda saboda shi tsofaffi ke jan ƙafa su zo, shi ne wasan Tsohon Kurmi.

Labarinsa gajere ne. Sarkin wasa ya aiki jakada wurin wani tsohon manomi, ya ce ya tashi daga gonarsa, za a ɗaure dawaki a wurin. Tsoho ya fito da gemun rama, kai duk toka, yana dogara sandar gora, ya yi kamar kurma. Jakada ya ce, "Sarki ya ce ka tashi." Tsoho ya kanga hannu a kunne ya ce, "Sarki ya aiko mini da ƙashi? Ai ba ni da haƙori." Jakada ya ɗaga murya, "Dawaki za a ɗaure a nan!" Tsoho ya ce, "Dawa kam mun girbe, ta yi kyau bana." Haka za su yi ta yi har jakada ya fusata, mutane na riƙe ciki. Can sai tsohon ya miƙe ƙyam, kurumta ta tafi, ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, wannan ƙasa kushewata ce." Ya zauna daɓas. Masu ganga su goce da kiɗa, wasa ya tashi.

Ita wannan kalma, kushewa, ba mai amfani da ita a Kurmin Auta sai a wannan rana. Tsohuwar magana ce ta mutanen da, ma'anarta kabari. Amma kowa a ƙauyen kabari yake cewa, yadda malamai ke faɗa. Samari da 'yan mata da yawa sun ɗauka tsohon kushe gonarsa yake yi, irin yadda mai saye ke kushe kaya a kasuwa. Tsofaffi sun san gaskiya, ba su dai damu da yi wa kowa bayani ba.

Kawun Abarshi, Nababa, shi ne ya daɗe yana sa gemun rama. Da haƙoransa suka zube, muryarsa ta daina kaiwa wurin mata, sai ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa sandar. Abarshi ya san ma'anar kalmar, don tun yana saurayi ya tambaya. Sai dai a ganinsa ba amfanin faɗar abin da rabin masu kallo ba su fahimta. A shekararsa ta farko, da ya zo ƙarshe, ya buga sanda ya ce, "Wannan ƙasa kabarina ce." Aka yi kiɗa, kowa ya gane, wasu har suka yaba. Nababa ya tashi daga kan buzunsa ya tafi gida bai kalli kowa ba.

Washegari da hantsi tsohon ya leƙo gidan Abarshi ya ce ya biyo shi.

"Kawu, ina za mu?"

"Ka dai biyo ni."

Suka shiga daji, Nababa na tafe yana hutawa, har suka isa wani kufai da kukoki suka tsaya a kai. Ga fasassun tukwane a cikin ciyawa, ga duwatsun niƙa sun lotsa, ga wasu 'yan tuddai a jere. Nababa ya zauna a kan wani dutse har numfashinsa ya dawo.

Ya ce, "Nan kakanninka suka zauna kafin rijiyarsu ta ƙafe. Ga su nan kwance. Tsohon da kake sa gemunsa, ɗayansu ne, kuma shi bai taɓa jin wani abu wai kabari ba. Jiya da ka buɗe baki, Abarshi na ji, mai zuma, ɗan Fatsuma. To ni ba kai na zo ji ba. Kai ai kullum ina jin ka, ko ina so ko ba na so."

"Amma Kawu, yara ba su gane ta."

"Su tambaya. Kai ba tambaya ka yi ba?"

Abarshi ya juya ya duba tuddan nan. Tun daga ranar bai sake taɓa ko harafi ɗaya a maganar Tsohon Kurmi ba. Nababa ya rasu bayan 'yan shekaru, Abarshi ya ci gaba da wasan har furfura ta fara yi masa aikin tokar.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Hammadu ne ya fara kawo labarin, ya dawo da garkensa da wuri, ya ce garuruwan yamma sun zama toka. Mahara bisa dawaki suna faɗa wa ƙauye da sassafe, su ƙone rumbuna, su ɗaure mutane da igiya su yi kudu da su. Aka yi ta jin sunayen ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na baya kusa. A kakar wannan shekara hakimin da ke riƙe da yankin, wanda ke zaune a cikin Birnin Gwari, ya aiko da umarni cewa duk ƙauyen da ba shi da ganuwa ya kwashe hatsinsa ya shigo birni.

Mai garin Kurmin Auta, Labaran, mutum ne mai sanyin hali, ba ya son ɓacin ran kowa. Ya amsa da to. Amma gari ya rabu biyu. Wasu suka fara ɗaure kaya, wasu suka ce wa zai ba su gona a birni. Saude tana cikin masu son tafiya, ta faɗa wa mijinta ba sau ɗaya ba. Ana cikin haka jakadan hakimi ya iso da mutum biyu, don ya ga an tashi. Sunansa Ja'afaru, dogo, mai tsage a kumatu irin na mutanen kudu. Tun yana yaro aka kawo shi gidan hakimi, a can ya koyi Hausa, ta fada da ta kasuwa. Ya iso ana jibi wasa, da ya ji labari ya ce zai tsaya ya kalla.

Labaran ya rasa sukuni. Ya sami Abarshi a bayan gida yana shafe amya, hannu duk kashin shanu.

"Sannu da aiki, Abarshi."

"Ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri ba hannun gaisuwa."

Labaran ya tsuguna ya yi ƙasa da murya. "Maganar wasan jibi ce. Ka ga baƙon da muke da shi. Jakada ne na gaske zai zauna yana kallon ana yi wa jakada wulaƙanci. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka yi kurumtarka yadda ka saba, a yi dariya. In an zo ƙarshe, tsohon ya ɗauki sandarsa ya bi jakada. Shi ke nan."

"Tsohon Kurmi ya bi jakada?"

"Bana kaɗai."

"Ranka ya daɗe, in ka ce kada a yi wasa, gari naka ne, ba za a yi ba. Amma in na sa gemun nan, abin da tsohon ya saba faɗa shi zai faɗa."

Labaran ba zai iya hana wasan ba, don baƙo ya riga ya ce zai kalla, kuma hanawa za ta jawo tambaya. Ya tashi yana karkaɗe riga. Abin da ya ɗan kwantar masa da hankali ɗaya ne, ya lura Hausar Ja'afaru ba ta tsofaffin ƙauye ba ce, da wuya ya san kalmar.

Ranar wasa aka shimfiɗa wa jakada tabarma kusa da mai gari. Ya yi dariyar ɓarawon akuya, da Tsohon Kurmi ya fito kuwa har da buga cinya. Saurayin da ya fito a jakadan wasa ya kwaikwayi tafiyar Ja'afaru sak, shi kuma bai ji haushi ba, yana nuna shi yana cewa, "Wallahi ni ne!" Labaran ya fara sakin jiki.

Sai tsohon ya miƙe, ya buga sanda. Muryar Abarshi ta cika gindin tsamiya.

"Koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, wannan ƙasa kushewata ce."

Ya zauna daɓas. Masu ganga suka buga, amma bana ba wanda ya yi shewa. Wata tsohuwa a gefen mata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Wani dattijo ya sunkuyar da kai. Ja'afaru ya dubi fuskokin nan, dariyarsa ta tsaya, ya ɗaga hannu aka tsai da kiɗa.

Ya ce, "Mai gari, me ya ce? Mece ce kushewa?"

Labaran ya yi murmushin da ya tanada tun shekaranjiya. "Ai kushe ƙasar yake yi, ranka ya daɗe. Yana nufin ƙasa ce da ya kushe, ya raina ta, ba ta da wani amfani a wurinsa. Ka ga ke nan tashi zai yi."

Ja'afaru ya ɗan gyaɗa kai. Da alama zai karɓa, ko don ya yarda, ko don ya ga hanya ce ta rabuwa lafiya. Abarshi na zaune a ƙasa, ba wanda ya tambaye shi komai. Saude ta kafa masa ido daga cikin mata tana girgiza kai. Ya gan ta sarai. Ya dafa sanda ya tashi.

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne."

"Abarshi!" in ji Labaran.

"Kushewa kabari ce. Ramin da ake sa mutum in ya mutu. Maganar mutanen da ce. Tsohon cewa ya yi a nan za a binne shi, ba inda za shi."

Ja'afaru ya daɗe yana kallonsa.

"Tsohon wasa ne ke magana, ko kai?"

Abarshi ya cire gemun rama ya riƙe a hannu. "Ɗazu shi ne. Yanzu ni ne, Abarshi mai zuma. Kuma bakinmu ɗaya."

Ja'afaru bai yi tsawa ba. Ya ce, "Kana gani na zo raba ku da ƙasarku ne don jin daɗi? Ni da kake kallo, da igiya a wuya aka fito da ni daga garinmu. Akwai irinka a can, masu cewa ba inda za su. Na ga gawarsu a bakin rumbu. Mai garinka ya ba ka ƙofa ka fita, ka ƙi."

"Ƙofar ƙarya ce. Kalmar ba tawa ba ce da zan bari a sauya mata ma'ana ina zaune."

"To in na bar ka, gobe rabin garin nan ba za su tashi ba."

Ya yi wa mutanensa alama. Aka ɗaure Abarshi hannu baya, tokar wasa na kansa, washegari aka tasa shi gaba zuwa Birnin Gwari.

A ƙofar gidan hakimi aka sa ƙafarsa a turu, wani ƙaton gungume mai rami da ake ɗaure masu laifi. Ba a doke shi ba. Abin da hakimi ya nema ɗaya ne: in mutanen Kurmin Auta sun shigo, Abarshi ya sa gemu ya yi wasan a gabansu, tsohon ya tashi ya bi jakada, sai a sake shi. Duk sanda aka aiko da wannan magana amsarsa ɗaya ce, wai tsohon ba bawansa ba ne da zai tashe shi. Yana nan zaune ya ga mutanen ƙauyensu suna shigowa ta ƙofar birni, da jakuna da dammunan dawa da tukwane a ka. Wasu suka tsaya suka gaishe shi, wasu suka kau da kai. Aka ba su fili a jikin ganuwa suka kafa bukkoki.

Saude ce ke kawo masa tuwo, kuma ba ta taɓa kawo shi da baki rufe ba.

"Maigida, kai kaɗai ne mai kakanni? Kowa ya baro nasa ya zo. Ka sa gemun banzan nan ka yi taku biyu a bayan yaro, mu koma ɗaki kamar mutane."

"Miyar nan ba gishiri."

"Gishirin yana Kurmin Auta, ka je ka ɗauko."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ƙafar da ke cikin turu ta kumbura ta fara ruwa. Hammadu ya shigo birni sayar da bijimi, ya gan shi, ya tafi ya tsuguna a zauren hakimi tare da Saude suna roƙo. Ja'afaru ma ya sa baki, ya ce mutanen sun riga sun shigo, tsare shi ba ya ƙara komai. Hakimi kuma ba ya so mutum ya mutu masa a ƙofar gida. Aka buɗe turu. Aka gaya wa Abarshi ya tafi inda ya ga dama, amma ba shi ba wasa a cikin birni, kuma in ya koma daji kada ya sa ran za a aika ko doki ɗaya don cetonsa.

Bai jira ƙafar ta warke ba. Ya sami sanda ya kama hanya yana ɗingishi, ɗingishin da bai rabu da shi ba har ya mutu. Saude ta bi shi tana mita tun daga ƙofar birni har bakin rafi, wai ba don shi ta zo ba, ɗorawarta ce ta nuna, ba za ta bar wa birai ba. Kafin ruwan farko gida uku suka biyo su, don zaman birni ba gona ya ishe su. Cikinsu akwai wani manomi mai suna Usman, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Shi ya faɗa da bakinsa cewa maganar Abarshi a gindin tsamiya ce ta hana shi barci a birni.

Damina ta yi kyau. Dawa ta yi kai, amya ta cika, Abarshi ya fara cewa ga shi nan, tsoro ne kawai ya kori mutane. Ana tsakar girbi, wata safiya Hammadu ya shigo a guje ba ko sanda, ya ce ya ga dawaki suna shan ruwa a mashaya. Kowa ya bar abin da yake yi aka faɗa kurmi, inda sarƙaƙiya ta yi kaurin da doki ba ya shiga. Suna kwance a cikin ƙaya suka ga hayaƙi ya tashi. Sai da rana ta karkata suka fito. Gidaje sun ƙone, rumbuna sun ƙone, an sassare tsamiyar bakin gari don mugunta kawai. Aka duba, kowa na nan, ban da 'ya'yan Usman. Tun da asuba suka tafi gona tsinto wake, ba wanda ya kai gare su.

Usman ya sami Abarshi a tsaye a cikin tokar gidansa. Bai ɗaga murya ba.

"Kai ka ce a nan za a binne ka. To ga ka nan da ranka. Ina nawa?"

Abarshi ya dubi tokar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Usman ya juya, ya ɗauki matarsa suka koma birni. Sauran gidajen biyu suka bi su. A ranin nan Abarshi ya ɗauki sauran zumar da wuta ba ta ci ba, ya bi kasuwanni har inda bai taɓa zuwa ba, yana sayarwa yana tambayar ko an ga 'yan mata biyu masu kama kaza. Ya dawo da ƙafa a kumbure, bai samo ko labari ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma daga lokacin muryarsa ta ragu, kuma ba a sake jin ya kira wani ya zo ya zauna a Kurmin Auta ba.

Da ya dawo, Labaran ya zo da kansa a kan jaki. Ya tarar sun kafa bukka a bakin kurmi, sun kewaye ta da shingen ƙaya. Ya ce an yafe komai, akwai ɗaki a birni, su zo haka nan. Abarshi yana zaune yana murza igiya, bai ɗago ba. Saude ce ta fito daga bukka da muciya a hannu.

"Ranka ya daɗe, da bara ka zo da na riga ka hawa jakin nan. Amma yanzu ni ce ba na zuwa. Na kwashe tokar ɗakina da hannuna, na sake kafa wani. Ba zan bar wa waɗanda suka ƙone shi su ce sun kore ni ba. In za ka sha ruwa ga shi, in ba ka sha ka gaida mutanen gida."

Labaran ya sha ruwa, ya koma.

Da kaka ta zagayo, suka shigar da ɗan abin da suka noma. Abarshi ya tsefe rama ya yi sabon gemu, don tsohon ya ƙone. Saude ta ce wa zai kalla, birai? Ya tafi ruga ya dawo da Hammadu da matansa da 'ya'yansa. Babu sarkin wasa, babu ganga, sai ƙwarya da Saude ta kife a kan ruwa tana bugawa. Hammadu aka sa ya zama jakada. Hausarsa a karye take, yana cewa "Sarki ta ce ka tashi," matansa na faɗuwa don dariya tun kafin tsoho ya amsa. Aka yi wasan daga farko har ƙarshe, ba a rage komai ba. Da tsohon ya buga sanda sai ta sauka a kan yatsan Hammadu, ya yi tsalle yana zagi da Fulatanci, ya rantse ba zai ƙara zama jakadan kowa ba. Da shekara ta zagayo kuma ya zo.

Mahara sun sake bi ta yankin, amma bukka ɗaya a bakin ƙaya ba ta isa su juya linzami ba. Abarshi ya yi wasu shekaru a nan yana rataye amya a ƙananan rassa, tun da ƙafar ba ta barinsa hawa sama. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da shi a tsakiyar damina, bai tashi ba. Hammadu da 'ya'yansa, da a lokacin sun daina tashi daga fadamar ko da damina, suka yi masa sutura. Mutanen Kurmin Auta da ke birni sun zo gaisuwa da yawa, har da Labaran, Ja'afaru ma ya aiko da saƙon ta'aziyya. Usman bai zo ba, bai kuma aiko ba.

Saude ta koma Damari wurin danginta, ta ci gaba da daddawarta har ta tsufa tukuf. Matan gidan sun san labarin, wani lokaci in ana aiki sukan tsokano ta. Wata rana wata ta tambaye ta kai tsaye, shin mijinta gaskiya gare shi ko taurin kai ne kawai. Saude ta ci gaba da wanke kalwa, sai da ta tsiyaye ruwan sannan ta amsa.

"Ni na zauna da shi, na san abin da na gani. Amma ki je birni ki tambayi matar Usman, ita ma ta san abin da ta gani. Miƙo mini kwandon nan, rana na yi."